Tukunya Ba Ta Zama Kan Dutse Biyu: Jawabi Kan Cimakar Iyalin Makiyaya

A taron shekara na ƙungiyarmu, bayan an gama maganar burtali da rijiyoyi, an ba wata ma'aikaciyar lafiya da ta daɗe tana aiki cikin yankin makiyaya dama ta yi magana kan cimakar iyali. Da yawa daga cikin waɗanda suka halarta sun roƙi a buga jawabin domin a karanta ma waɗanda ba su samu zuwa ba. Ga shi kamar yadda ta yi shi.



Shugabannin ƙungiya, iyayenmu sarakunan makiyaya, malamai da dattawa, iyayena mata, da ƙannena masu bin garke, ina yi muku barka da zuwa. Da fatan kun baro gida lafiya, kun baro bisashe lafiya.

Tun jiya ake magana a wurin nan kan hanyoyin dabbobi da aka toshe, da tafkunan da aka kewaye da gonaki, da tarar ɓarna da ake ci ba bisa ƙa'ida ba. Na san wani zai ce a ransa, me ya kawo maganar tuwo da fura cikin taron kare haƙƙin makiyaya? Ku yi mini haƙuri ku saurara. In Allah ya so, kafin in zauna za ku ga inda maganganun biyu suka haɗu.

Abin da kuka fi ni sani

Bari in fara da abin da kuka fi ni sani. Idan rani ya yi nisa, ba abin da ya rage a daji sai busasshiyar ciyawa da kara, saniya takan wuni tana ci, cikinta ya cika tim, amma kullum ramewa take yi. Haƙarƙari ya fito, nono ya janye, maraƙi ya riƙa tangaɗi. A lokacin me kuke yi? Mai hali ya sayo mata dussa da angurya, wani ya nemo harawar wake, wani ya kakkaɓo mata ƴaƴan gawo, a kuma ba ta kanwa ko gishiri ta lasa. Ba wanda ya shiga aji a cikinku kafin ya san wannan. Kun san cikin dabba yana iya cika alhali jikinta bai samu abin da yake bukata ba.

To, jama'a, ɗan Adam ma haka yake. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mutumin da zai hango karsana daga nesa ya gane abin da ta rasa, shi ne kuma zai dubi ɗansa mai shekara biyu, cikinsa ya yi tulu da tsululun kunu, ya ce ai yaro ya ƙoshi.

Duwatsun murhu uku

Iyayena mata, kun san tukunya ba ta zama kan dutse biyu. Abincin mutum ma duwatsu uku yake zaune a kai.

Dutse na farko shi ne abinci mai sitaci, wanda ke ba da ƙarfin aiki: hatsi, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo, dankali, dabino da sukari. Shi ne itacen da jiki ke hura wuta da shi. Da shi ake jan guga, da shi ake daka, da shi ake bin garke tun safe har yamma.

Dutse na biyu shi ne abinci mai gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin: nono, cuku, nama, hanta, kifi, ƙwai, fara, wake, gyaɗa da daddawa. Da shi yaro ke girma, da shi rauni ke warkewa, da shi jiki ke yin jini da tsoka da makaman yaƙi da cuta.

Dutse na uku shi ne mai: man shanu, man gyaɗa, man ja, riɗi, kitse, da maiƙon da ke cikin madara. Masana suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da wani ma'auni da ake kira kalori, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin ma kalori 4, amma giram ɗaya na mai kalori 9 yake bayarwa. Wato ɗan kaɗan daga cikinsa yana yin aikin abinci mai yawa, shi ya sa yake da amfani ga ƙaramin yaro mai ƙaramin ciki. Ban da haka, akwai sinadaran kare jiki, irin su bitamin A, waɗanda jiki ba ya iya karɓa sosai sai da maiƙo. Rashin bitamin A ne ke kawo dundumi, kuma man shanu da hanta da man ja suna cikin maganinsa.

Tukunya kuma tana son marufi. Marufin shi ne ganye da ƴaƴan itace: zogale, kuka, yakuwa, tafasa, lalo, kabewa, magarya, goruba, aduwa. Su ne masu kare jiki. Amma yau maganata ta fi ƙarfi kan duwatsun uku.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta FAO suka fitar a shekarar 2003, sun ba da shawara cewa a cikin ƙarfin da babban mutum ke samu daga abinci, kashi 55 zuwa 75 cikin ɗari ya fito daga sitaci, kashi 15 zuwa 30 daga mai, kashi 10 zuwa 15 daga furotin. Mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin wajen giram 50 a rana. Ban ce ku je ku sayo sikeli ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da nake so ku riƙe shi ne wane abinci ne ya fi wane. A cikin giram 100, hatsi yana da furotin wajen giram 11, farar shinkafa wajen 7, garin rogo da ƙyar ya kai 1 ko 2. Busasshen wake yana da wajen 23, gyaɗa wajen 25, kuma kusan rabin nauyinta mai ne. Ƙwai ɗaya yana da wajen 6. Lita ɗaya ta madarar shanu tana da furotin fiye da giram 30, da mai giram 35 zuwa 40, ta shanunmu na gida ma sau da yawa ta fi haka maiƙo.

Lissafin ƙwaryar fura

Yanzu mu ɗauki ƙwaryar fura guda mu yi mata lissafi. A ce an yi ta da garin hatsi giram 200. Wannan zai ba da kalori wajen 700, da furotin wajen giram 22, da ɗan mai wajen giram 10. A dama ta da nono rabin lita wanda ba a cire masa mai ba. Ya ƙara furotin wajen giram 17, da mai kusan giram 20, da kalori fiye da 300. Idan aka haɗa, ƙwaryar nan ta kai kalori dubu, kuma wajen kashi 60 daga sitaci ne, kashi 25 daga mai, kashi 15 daga furotin.

Kun ji? Abin da masanan duniya suka zauna suka rubuta a takarda, shi ne kakanninmu mata ke damawa da ludayi tun ba a haifi kakannin masanan ba.

Akwai kuma wata hikima a ciki. Furotin ɗin hatsi da dawa da masara yana da giɓi, domin wani ɓangare nasa da ake kira lisin ya yi ƙaranci. Nono yana da wannan ɓangaren da yawa, wake ma haka. Saboda haka idan hatsi ya haɗu da nono, ko ya haɗu da wake, sai ɗaya ya cike giɓin ɗaya. Shi ya sa musayar da aka gada tsakanin manomi da makiyayi, a ba da nono a karɓi hatsi, garke ya kwana a gona ya bar taki, ta raya gidaje biyu. Gidan manomi yana da dutse ɗaya, gidan makiyayi yana da biyu, sai an haɗa tukunya ke zama.

Inda tukunyar ke karkacewa

In haka ne, me ya sa muke ganin ƴaƴan makiyaya a ɗakin masu tamowa? Hanyoyi huɗu na gani da idona.

Ta farko ita ce rani. Daga lokacin da ciyawa ta bushe zuwa faɗuwar ruwa, saniyar da ke cika ƙwarya da damina takan koma ba ta isar ko maraƙinta. Sai a riƙa dama fura da ruwa, ko a ɗiga ɗan nono don launi kawai. A lokacin ne kuma dabba ke faɗuwa a kasuwa, hatsi ke tashi. Akuyar da za ta sayi buhu da kaka, da bazara sai an haɗa biyu ko uku.

Ta biyu ita ce nisan garke. Da can iyali tare suke tafiya da shanu. Yanzu, saboda toshewar hanya da rashin tsaro da karatun yara, gidaje da yawa sun rabu biyu: samari su kora garke har Najeriya ko Kamaru ko Cadi, mata da yara da tsofaffi su zauna gefen gari. Nono yana can, yara suna nan.

Ta uku ita ce kasuwa. A kaɗe nono a cire mai a sayar, a kai kindirmo mai kyau kasuwa, a bar ma gida tsala da aka tsinka da ruwa. Kuɗin kuma a sayo shinkafa da taliya da garin rogo da sukari da ganyen shayi. Wato an sayar da dutse biyu an sayo ƙarin dutse na farko. Ban ga laifin mata ba, domin da kuɗin nonon nan ake sayen gishiri da sabulu da magani da takalmin yara. Amma ku maza, a wuraren da masu tara madara ke zuwa da bidon suna saye da lita, na ga inda maigida ya karɓe cinikin da tun fil azal na uwargida ne, kuma tun daga ranar ƙwaryar yara ta ragu.

Ta huɗu ita ce madarar shago. Yawancin garin madara mai arha da ake aunawa a ƙulla a leda, an cire masa man shanunsa a Turai an maye gurbinsa da man kwakwar manja. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kuwa wajen rabinta sukari ne, ba abincin jariri ba ce ko kaɗan. Abin takaici, makiyayi ya sayar da na gaske ya sayo wannan.

Bari in ba ku labari ɗaya. Wata shekara da bazara aka kawo mana wata yarinya da ba ta cika shekara biyu ba. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ba ta kuka ba ta dariya. Mahaifinta yana da shanun da albashina na shekara ashirin ba zai saya ba, amma watansu biyar a kudu. Uwar ta samu ciki, aka ce nononta ya ɓaci, aka yaye yarinyar rana ɗaya, aka bar ta da kunun hatsi da ruwa. Muka kwantar da ita, muka fara ba ta madarar asibiti kaɗan-kaɗan da cokali. Kakarta ta dubi kwalin ta tambaye ni daga ina aka kawo shi. Na ce daga ƙasar waje. Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce: “Yau jikar mai shanu ce ake ceto da nonon shanun wasu.” Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ba duka ke rayuwa ba, kuma maganar tsohuwar nan ba ta bar kunnena ba.

Irin wannan tamowa mai kumburi, wata likita mai suna Cicely Williams ce ta yi bayaninta a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a shekarun 1930. Sunan da ta ba ta, kwashiyoko, daga harshen mutanen Ga na yankin Akara ta ɗauko shi, kuma yana nufin ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Masana na yanzu sun ce ba rashin furotin kaɗai ke kawo ta ba, akwai hannun zawo da ƙyanda da rashin wasu sinadarai. Amma har gobe da madara ake fara jinyarta.

Darasin 2005

Dattawan da ke nan sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984, lokacin da garkuna suka ƙare mutane suka cika sansanoni. Da yawa kuma mun ga 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar Nijar, kuma mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda muke kira rumbun ƙasa. Wannan ya nuna mana cewa yawan hatsi a yanki ba shi ke hana yaro tamowa ba.

Kun san abincin nan na ƴar jaka da ake ba yaran da suka rame, mai suna Plumpy'Nut, wanda ake yi har a Yamai. Kowace jaka giram 92 ce, tana ba da kalori 500. Me ke cikinta? Gyaɗa da aka niƙa, garin madara, mai, sukari, da ƙarin bitamin da sinadarai. In ka cire na ƙarshen nan, sauran duk abin da muka sani ne, akwai shi a ruga da kasuwar ƙauye. Idan yaro ya riga ya faɗa, wannan jaka magani ce, a ba shi ita shi kaɗai, kada a raba ma ƴan'uwansa, kada a sayar. Amma rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin yana cikin ƙwaryarku.

Abin da nake roƙonku

Na ɗaya, ƙwaryar yara kafin ta kasuwa. Yaro mai shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar furotin wajen giram 13 a rana. Rabin lita na madara ya biya wannan har da saura. A ware wannan tun wurin tatsa, da mansa, kafin a auna na sayarwa. A kuma tafasa shi. Ɗanyar madara tana iya ɗauko ciwon bakkale da tarin fuka daga saniya zuwa mutum, kuma tsami kaɗai ba ya isa ya kashe su. A tafasa, a huce, sannan a zuba iri ya kwana.

Na biyu, idan garke zai yi nisa, a bar ma gida abin tatsa, a kuma ware musu dussa da harawa tun da kaka. In shanu sun yi wuyar riƙo, awaki sun fi jure rani, kuma jar akuyar Maraɗi an san ta da nono da yawan tagwaye. Ƴan'uwanmu Buzaye da Tubawa da Larabawa sun san taguwa tana ba da nono a lokacin da saniya ta ƙafe. Gidan da ba shi da ko ɗaya, ai muna da habbanaye. A ara masa uwa ya tatsa ya riƙe ƴaƴa. Wannan al'ada ta ceci yara da yawa tun kafin a san wata ƙungiyar agaji.

Na uku, jarirai. Wata shida na farko nonon uwa zalla, ba ruwa ba jiƙo, ko da zafi ake yi. Daga wata shida a fara kunu, a ci gaba da ba da mama har shekara biyu, kamar yadda addini ma ya koyar. Ciki ba ya lalata nonon uwa, mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa in tana cin abinci sosai, kuma yaye a yi shi sannu-sannu. Cikin yaro mai shekara ɗaya bai fi ɗaukar kofi guda ba a zama ɗaya. In kin cika shi da ruwa, kin rufe ƙofa. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a sa masa ƙaramin cokali na man shanu ko man gyaɗa, da garin ƙuliƙuli ko garin soyayyen wake ko tafasasshen nono. A ba shi sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a ƙwaryarsa shi kaɗai, domin in an haɗa shi da yayyensa hannunsa ba ya cim musu.

Na huɗu, tanadin damina. Lokacin da nono ya yi yawa har ana rasa mai saye, a yi cuku a shanya. Cuku nono ne da aka cire wa ruwa, furotin ɗinsa na nan, kuma yana yin watanni. A daka shi cikin fura da rani. A soya man shanu a zuba a kwalba a rufe, kada a sayar da shi duka. Naman layya da na suna a yanyana a busar da wani abu don yara. A shanya zogale da kuka da yakuwa a inuwa.

Na biyar, lokacin sayarwa. Na san makiyayi ba ya son rabuwa da dabba sai dole. Amma wanda ya sayar da bijimi ɗaya da kaka yana da ƙiba hatsi na arha, ya fi wanda zai sayar da uku da bazara suna tangaɗi. Kuma ranar sayen cimaka kada a sayi hatsi kaɗai. Shawarata, kowace tiya huɗu ta hatsi a haɗa da tiya ɗaya ta wake, da ɗan abin da ya samu na gyaɗa. Ina roƙon masu kula da bankunan cimaka na ƙungiya su ma su riƙa ajiye wake.

Na shida, mu bar camfin da ke cutar da mu. Ana cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, mai cikin da ta ci ƙwai za ta sha wuyar haihuwa. Ba gaskiya ba ne. Zabi da kaji suna yawo a ruga, ƙwansu kuwa kasuwa ake kai shi. A dafa ma yaro ko sau uku a mako. Ranar da aka yi yanka, hanta ta yara ce da masu jego. Fara abinci ce mai gina jiki ƙwarai, sai dai a guji wadda aka kama inda aka yi feshin magani. Waɗanda ke kusa da tafkin Cadi da Komadugu da kogin Kwara, garin busasshen kifi a cikin miya yana yin aikin nama.

Na bakwai, uwa da ɗan kiwo. Mace mai shayarwa tana bukatar ƙarin kalori wajen 500 a rana, ga daka ga ɗiban ruwa ga tatsa, amma sau da yawa ita ce ta ƙarshen ci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka yaron da ke fita da awaki da sassafe ba ya dawowa sai magariba. A cika masa gorarsa da fura mai nono, a sa masa ƙuliƙuli ko dabino a aljihu.

Na takwas, wannan na maza ne da waɗanda suka zauna gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum ke sha kada ya wuce wajen giram 50 a rana, wato ƙananan cokula goma sha biyu. Ku lissafa abin da ke shiga butar shayi, na ɗaya da na biyu da na uku, safe da rana da dare. Ku lissafa kuɗinsa a wata, ku ga tiya nawa ta wake zai saya. Shayi kan abinci kuma yana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka don yin jini, saboda haka kada a ba ƙananan yara, masu ciki kuma su jinkirta shi bayan cin abinci. Wanda ya bar bin garke ya zauna shago, amma bai rage shinkafa da mai da sukari da dunƙulen miya ba, tasa tukunyar ta wancan gefen take karkacewa, shi ne muke gani da ciwon sukari da hawan jini.

Na tara, ku karɓi ɗan ma'aunin dantse mai launi uku a gidan likita, kowace uwa tana iya koyonsa. Ga yaro mai wata shida zuwa shekara biyar, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko kuwa ƙafafu biyu sun kumbura, a kai shi ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Inda maganganun suka haɗu

Yanzu in cika alkawarin da na yi da farko. Nonon da nake roƙo a ware ma yara, daga ina yake fitowa? Daga ciyawa da ruwa. Duk burtalin da aka nome, duk tafkin da aka kewaye, duk ciyawar da aka kwashe da amalanke aka kai gari, ƙwaryar wani yaro ce aka rage. Idan garke ya rasa wurin tsayawa kusa da gida ya yi nisan wata biyar, yarinya irin wadda na ba ku labari ce ke biya.

Dokoki suna nan. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo. Dokar kiwo ta watan Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali ga makiyayi, ta kuma sa ƙa'ida kan kwasar ciyawa. Ina roƙon wakilanmu, idan kun zauna gaban Kofo ko gaban hukuma, bayan kun faɗi yawan shanun da suka mutu, ku faɗi yawan yaran da aka kwantar. Ku je gidan likita na yankinku ku tambaya a wane wata ne ƴaƴan makiyaya suka fi zuwa, ku riƙe wannan a hannu. Ku kuma sa mata cikin tawagarku, domin su ne suka san ranar da ƙwarya ta fara raguwa.

Amma kafin hukuma ta yi nata, mu yi namu. Gobe da asuba in an tatsa, kowane maigida ya tsaya ya ga an cika ƙwaryar yara kafin a ɗora ta kasuwa a kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya yalwata garke, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfana, inda na yi kuskure ku yafe mini.